Na Ce Ta Yanka a Tsaye

'Yan uwa mata, na san za ku zage ni in kun kai ƙarshen wannan, amma ku daure ku ji daga tushe. Ni ma tun jiya nake zagin kaina har na gaji, shi ya sa na ce bari in kawo muku ku karɓe ni.

Ga waɗanda yau suka fara biyo ni: sunana Lanfen, shekarata ashirin da takwas, a lissafin mamata kuwa na kusa hamsin. Kayan kwalliya nake sayarwa a wani shago a Shanghai. Duk Asabar nakan hau bas in tsallake gada in dawo gida tsibirin Chongming, in ajiye jaka, in sha faɗa. Faɗan kuma kullum iri ɗaya ne.

"Ke kam sai yaushe? 'Yar gidan Huang da kika girma, ɗanta har ya fara tafiya. Dekang ɗin nan kina jin babu mai ganinsa sai ke?"

"Mama, ko takalmi ban cire ba fa."

"Cire abinki, ai ba da ƙafa kike ji ba."

Dekang shi ne mutumin. Kiwon ƙaguwa yake yi a tafkunan da babansa ya bar masa. Dogo ne, rana ta ƙona masa wuya, magana kuwa sai ka yi ta tono kafin ka samu guda. Shekara biyu ke nan muna tare, kuma ina sonsa, son da ko rabinsa ban taɓa faɗa masa ba don kada ya samu abin yi mini yanga. Matsalar ɗaya ce. Shi kaɗai uwarsa ta haifa, kuma kowa a ƙauyen ya san ba zai kai gaisuwa gidan kowace mace ba sai ta gyaɗa kai. Ayi nake ce mata, kamar yadda muke kiran uwar saurayi. Har yau ba ta gyaɗa ba, ba ta kuma girgiza ba. Takan dube ni tun daga jan farcena har dogon takalmina, ta ce, "Birni ya karɓe ki, Lanfen." Ban taɓa gane ko yabo ba ne.

Bara aka gano tana da ciwon sukari, ta nan kuma Tao Manli ta shigo mana.

Ma'aikaciya ce a ƙaramin asibitin garinmu, ita ke tsara wa masu sukari da hawan jini abin da za su ci. 'Yar can arewa ce, aiki ya kawo ta tsibirin, kowa Likita Tao yake ce mata. Ranar da na fara ganinta na zo wa Ayi da kek tun daga birni, mai hawa biyu, na rungumo shi a cinya duk tsawon hanya don kada ya lotse. Na tarar da wata siririya zaune a falo, farar riga, baƙin wando, gashi ɗaure da roba, fuska ko hoda babu. Amma fatar nan sumul, abin haushi. Ni da nake sayar da man shafawa na san wannan ba aikin mai ba ne, haka aka haife ta.

Ta dubi kek ɗin ta yi murmushi. "Kai, ya yi kyau. Sai dai Ayi ba za ta ci ba, ko loma ɗaya."

"Ai na ce musu su rage sukari," na ce. Ƙarya nake yi, ban ce ba.

"Ko an rage, fulawar kanta sukari take komawa a jini. Dekang, ɗauke shi daga gabanta kada ranta ya biya."

Ya ɗauke, jama'a. Ko kallona bai yi ba, ya ɗauke ya miƙa wa maƙwabta ta kan shinge. Ya dawo yana karkaɗe hannu yana cewa, "Manli ta ce har 'ya'yan itace sai an auna." Manli. Ba Likita Tao ba. Na ce a ba ni ruwa.

Bayan nan wata rana muna zaune a bakin tafki yana gyaran raga, ya bar wayarsa kusa da ƙafata. Ta yi ƙara. Ban taɓa ta ba, idona ne kawai ya faɗa kai. Da ta sake ƙara sai hannuna ya bi idon.

Hotuna ne reras, kwanon safe, kwanon rana, kwanon yamma. Duk abin da Ayi za ta kai baki sai ya ɗauka ya tura mata, ita kuma ta amsa nan take.

"Shinkafar ta yi yawa, rage rabi."

"Yauwa, haka nake so. Ashe ka iya girki." Da fuskar dariya har biyu.

"Kai ma ka ci wani abu, kada ka zauna da yunwa."

Wannan na ƙarshen ne ya tsaya mini a rai. Shi ma sukarin gare shi? Ni in na tura masa hotona da sabuwar riga, sai yamma zai amsa, shi ma da babban yatsa ɗaya tal. Amma kwanon dafaffen kabeji ya samu hira har da raha.

"Dekang, yaushe ka koma mai ɗaukar hoto?"

Ya ɗago. "Wayata kike dubawa?"

"Ita ta fara dubana."

"Lanfen, saboda Mama ne. Tunda ta fara bin tsarin nan sukarinta ya sauka, tana barci, ta daina jiri. Me kike so in yi?"

"Ba komai. Ka ci wani abu, kada ka zauna da yunwa."

Ya yi dariya ya koma kan ragarsa, wai shi a tunaninsa wasa nake yi. Ni kuwa ranar a bas na yi ta kallon taga ina cizon leɓe har muka shiga birni.

To ga inda abin ya kai. Jiya Lahadi Ayi ta cika shekara sittin. Ranar haihuwar babba dole a kawo masa taliyar tsawon rai, dogaye, ba a yanka ba a gutsura, ya ɗaga sama kowa ya ga tsawonta a yi masa fatan kwanansa ya kai haka. A ƙauyenmu 'ya mace ce ke dafawa, in babu sai matar ɗa. Ayi ba ta da ko ɗaya, don haka tun wata guda kowa ya zuba ido ya ga hannun da zai miƙa kwanon. Ni dai na ɗauka maganar a bayyane take. Har na sayo taliyar hannu mai kyau, na iso gida ranar Asabar ina jin kaina, sai Mama ta tare ni a bakin ƙofa.

"Mayar da taliyarki jaka. Likita Tao ta hana. Wai da jingwa za a yi mata, kuma ita za ta haɗa da hannunta. Anjima za ta zo ta saya."

"A ina?"

"A ina kuwa? A nan mana."

Na nemi buhu na zauna. Jingwa fa! Kabewar nan rawaya mai zare a ciki, wadda Baba yake nomawa tun kafin a haife ni. Da ita aka yaye ni. Mu ci da safe da gishiri da man lawashi, mu ci da rana, in baƙo ya zo a ɗiga mata man riɗi a ce an yi masa girki. Na ci ta har na tsane ta, na rantse in na shiga birni ba zan sake kallonta ba. Ɗakin ajiyarmu cike yake da ita tun girbin bazara, jere a kan katako har kusa da rufi. A gidanmu take, a gabana take, amma sai da wata ta taso daga arewa ta gano cewa ita ce za ta fitar da Ayi kunya. Na rantse muku da duka aka yi mini da ya fi mini sauƙi.

"Da kina zuwa kina zama da matar nan, da ke kika kawo shawarar," in ji Mama. "Amma ina, kina can kina shafa wa matan birni jan baki. Ni zan leƙa gona, in ta zo ki zaɓa mata mai kyau. Kuma ki saki fuskar nan."

Da la'asar Manli ta iso a kan ƙaramin babur ɗinta mai caji. Na kai ta ɗakin ajiya, ta tsaya tana kallon jerin kabewar kamar ta shiga shagon gwal.

"Kin san abin da kuke da shi kuwa?" ta ce, tana shafa ɗaya. "Yawancinta ruwa ne da zare. Kwanon taliya ɗaya ya ninka kwanon wannan kusan sau biyar wajen ƙarfi. Ba ta ɗaga sukari da sauri, tana cika ciki, tana sa a yi bayan gida lafiya, ga ɗan bitamin. Ba magani ba ce fa, kada ki ce na ce. Amma Ayi za ta ci ta ƙoshi a gaban mutane, ba sai ta zauna tana kallon bakin kowa ba."

"To," na ce. "Mu dai da yunwa muka san ta."

Ta yi dariya. Abin da ya fi ba ni haushi da yarinyar nan ke nan, ko ka soka mata magana sai ta ɗauka barkwanci ne.

Na shiga ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Na so in ba ta ɗanya, amma hannuna ya saba, kafin in ankara ya ɗauko wadda ta fi kowace ƙosawa, bayanta tauri, launinta ya nuna sosai, wutsiyarta ta bushe. Na rungumo na kai mata bakin babur. A nan ne na ga abin da ya ƙarasa ni.

A hannun babur ɗin akwai ragar ƙaguwa a rataye. Manya, mata, masu ƙwai, kowace ɗaure da shuɗiyar igiya. A duk yankin nan mutum ɗaya ne ke ɗaure ƙaguwa da shuɗiyar igiya. Irin waɗanda yake warewa ne ba ya sayarwa, duk kaka yakan kawo wa Mama ragar farko da kansa. Bana har yau ba mu ga ko ƙafa ɗaya ba.

Ta ga inda nake kallo. "Dekang ne ya matsa, na ce masa ni kaɗai ce ba zan iya cinyewa ba."

"Haka yake, akwai kyauta," na ce. Muryata ma ban gane ta ba.

Ta saka kabewar a kwando, ta ciro waya. "Af, na kusa mantawa. Yaya ake yanka ta? Ni a karatu na san ta, ban taɓa yi da hannuna ba."

Duk wanda aka haifa a tsibirin nan ya san amsar tun kafin ya iya riƙe wuƙa. Zaren jingwa kewaya cikinta yake yi, kamar an naɗe shi. A kwance ake yanka ta, zobe-zobe, a tafasa kaɗan, a tsoma a ruwan sanyi, a murza da yatsu, zaren ya zubo dogo ƙaras-ƙaras. In ka tsaga ta a tsaye ka datse kowane zare gida biyu. In ka ƙara rabawa kuwa, abin da za ka samu bai wuce guntayen da ake zuba wa kaji ba.

Na dubi ƙaguwar, na dube ta.

"A tsaye," na ce. "Daga kai zuwa gindi. Sai ki ƙara raba kowane ɓari biyu, ki sake raba su, ya fi saurin dahuwa."

Ta rubuta a wayarta tana gyaɗa kai, kalma bayan kalma. "Na gode sosai, Yaya Lanfen."

Yaya kuma. Har da tuna mini na girme ta.

Ku tsaya, kada ku yanke mini hukunci tukuna. Ban yi niyyar guntayen su isa gaban Ayi ba. Lissafina shi ne za a buɗe kwanon a kicin, gogganninsa su gani su dafe ƙirji, a shiga neman mafita, ni kuma in ce, "Ku kwantar da hankalinku, na zo da wata." Shi ya sa jiya da sassafe na tashi na yanka tawa zobe-zobe, na murje zaren a hankali kada ko ɗaya ya tsinke, na soya lawashi na zuba, na rufe a kula na saka a ƙasan jakata. Rabona da wannan aiki tun ina makaranta, amma yatsuna ba su manta ba. Har na ɗauki waya na rubuta mata, "Ki yi haƙuri na rikice, a kwance ake yankawa." Sai shuɗiyar igiyar nan ta faɗo mini a rai, na goge.

Na goge jan farcena ma. Na saka doguwar riga ruwan toka mai rufe wuya, da takalmi mara tsini, na ɗaure gashina da roba. Mama ta dube ni sama da ƙasa.

"Wa ya rasu?"

"Ba ke kika ce in yi shigar mutunci ba?"

"Na ce ta mutunci, ban ce ki koma Likita Tao ba."

Ta taɓo inda yake mini ciwo.

Da tsakar rana muka isa. An jera tebura a tsakar gida da jan ƙyalle, ƙamshin naman akuya ya cika ko'ina, ga kifi, ga ƙaguwa tuli. Ayi tana zaune a teburin tsakiya cikin jar riga mai zanen furanni, an gyara mata gashi, ta yi kyau har na ji tausayinta ya kama ni ban san dalili ba. Dekang yana bakin ƙofa yana karɓar baƙi. Ya rusuna ya gaida Mama, ya karɓi kyautarmu, ya nuna mana wurin zama. Ni kuwa ya wuce ni da ido kamar ginshiƙi. Na ce wa kaina hidima ce ta yi masa yawa.

A bayana na ji wasu tsofaffi biyu suna raɗa, raɗar da har bakin titi ana ji.

"Wace ce a ciki, wannan ko ta asibitin?"

"Ki jira kwano, shi zai faɗa."

Na rataya jakata na nufi kicin, wai zan taya aiki. Babbar goggonsa ta tare ƙofa da ludayi a hannu.

"Ke baƙuwa ce yau, koma ki zauna."

"Goggo, taliyar Ayi nake so in duba, ko da abin da za a gyara."

"Likita Tao ta kawo abinta a rufe, ta ce kada wanda ya buɗe sai mai shi. Tafi, tafi, kada hayaƙi ya ɓata miki riga."

Ba wanda zai buɗe a kicin. Kwanon zai tafi kai tsaye gaban mace mai ciwo, ranar cikarta sittin, a gaban danginta da na mijinta da ya rasu, ta buɗe ta ga guntaye. Sai a lokacin na ga girman abin da na aikata. Na koma kujerata, kular tana tokare mini ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Sai ga Manli ta fito da kwanon a hannu biyu. Yau babu farar riga. Riga ce ruwan hoda mai laushi, gashi a sake har kafaɗa, ga jan baki. Na san kalar, muna sayar da ita, ba ta da arha. Wato ni na bar nawa a gida, ita ta shafo nata.

Na yunƙura zan miƙe, ban ma san me zan ce ba. Mama ta fizgo ni ƙasa. "Zauna, kada ki ba ni kunya."

Manli ta ajiye kwanon a gaban Ayi ta rusuna. Ayi ta ɗaga murfin, ta saka tsinkayen cin abinci, ta fara ɗagawa. Na runtse ido, sai na ji tafi.

Na buɗe. Zare ne rawaya yana sheƙi, tana ɗagawa yana biyowa, sai da ta miƙe hannu sama bai ƙare ba. Mutane suna ta yi mata fatan shekara ɗari. Ayi tana dariya, hawaye a idonta, ta kai baki ta ci, ta sake ci.

Na fara jin sanyi a raina, na rantse, na ce an auna arziki. Ban gama sauke numfashin ba wata tambaya ta cake ni. Wa ya gaya mata?

"Yarinya, wannan ai hannun 'yan tsibiri ne," in ji Ayi. "A ina kika samo?"

Manli ta juyo ta nemo ni da ido cikin mutane, ta yi murmushi. "A gidan su Yaya Lanfen na samo kabewar. Ita ta zaɓa mini da kanta."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ayi ta dube ni, karon farko ba ta fara da takalmina ba. "Kin iya zaɓe, Lanfen. Jinin babanki bai ɓace ba." Mama ta mintsine ni a cinya don murna. Sannan Ayi ta kamo hannun Manli ta zaunar da ita a kujerar da ke gefenta, wadda tun ɗazu babu kowa a kai.

Wayata ta girgiza a cinyata. Dekang ne. Yana tsaye jikin ginshiƙi a ɗaya ɓangaren tsakar gidan, kansa a sunkuye kan tasa wayar.

"Da safe na je kai mata kwanon Mama, na same ta ta ɗora wuƙa a tsaye. Na riƙe hannunta."

Ku ji halina fa. A wannan yanayin ma, abin da idona ya fara kamawa shi ne ya je ɗakinta da safe, ya riƙe hannunta. Na karanta layin har sau uku. Saƙo na biyu ya shigo.

"Na tambaye ta wa ya ce ta yi haka. Ta ƙi faɗa. A wayarta na gani, ta rubuta sunanki a saman bayanin."

Na fara rubuta masa amsa. "Na dafa wata, tana nan a jakata, ba zan taɓa bari guntayen su kai gaban Ayi ba, ka zo ka gani." Ban kai ga turawa ba na uku ya faɗo.

"Uwata ce fa, Lanfen."

Na ɗago ina nemansa. Ya riga ya kife wayar a kan tebur, ya sunkuya gefen uwarsa yana tattaro mata zaren da ya zubo bakin kwano, Manli tana riƙe masa kwanon.